"SABA TA FAƊI": UZURIN DA YA KAMATA MU DAINA KARƁA A JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

 Maƙalar wannan makon a kan wata 'yar jimla take mai kalma uku, wadda a ganina babu abin da ya kai ta kashe wa talaka rana a yankinmu: "Saba ta faɗi." Wani lokaci a ce "babu netwok", wani lokaci a ce "sistem ya ƙi tashi, ku dawo gobe". Duk magana ɗaya ce, kuma duk mun saba jin ta a wurin rajista, a tagar biyan kuɗi, a ɗakin katin asibiti, a wurin karɓar sakamakon jarrabawa.

Wanda ke faɗin ta bai rasa komai ba, albashinsa na nan. Wanda ake faɗa wa shi ke biya. Mutumin da ya taso daga Mungadi ko Andarai ya biya kuɗin mashin zuwa Maiyama, zai biya na komawa, gobe kuma ya sake biya. Manomin Sabiyel ko Danwarai da ya bar ban-ruwan albasarsa ya shigo Aliero ya yi asarar yini guda a lokacin da yini guda ke da tsada. Matar da ta goyo yaro daga Kimba zuwa Jega za ta koma da yaron da zazzaɓinsa. Babu wanda zai ba su haƙuri na gaskiya, balle a gaya masu abin da ya faru. Su ma sai su ce haka Allah ya so, su juya.

To ni ban yarda ba. Abin da nake son kafawa a wannan rubutu shi ne: saba ba ta faɗuwa haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Idan rumbun bayanai ya ƙi tashi, akwai dalili, dalilin kuma a rubuce yake a cikin na'urar, kuma galibi idan aka bi sawunsa a kan sakacin mutum ake tsayawa. Kalmar "ta faɗi" an zaɓe ta ne don ta ɗauke laifi daga kan mutane ta ɗora wa ƙarfe, tunda ƙarfe ba a tuhumarsa.

ABU UKU AKE CUƊAWA

Kafin mu yi nisa, mu raba abubuwa uku da ake haɗa mana a ƙunshi ɗaya. Akwai netwok, wato hanyar da saƙo ke bi daga kwamfutar ma'aikaci zuwa inda aka ajiye bayanai. Akwai saba, wato kwamfutar da aka keɓe don sauran kwamfutoci su riƙa tambayarta. Sannan akwai manhajar rumbun bayanai da ke zaune a cikin sabar, irin su MySQL, MariaDB, PostgreSQL da SQL Server. Ita ce ke riƙe da sunanka, lambar katinka, makinka da kuɗin da ka biya.

Idan ka kwatanta da kasuwar Jega, netwok shi ne titi, saba ita ce shago, manhajar kuma ita ce mai shagon da littafin bashi ke hannunsa. Titi na iya lalacewa shago na nan lafiya. Shago na iya zama a buɗe mai shago bai fito ba. Wannan na ƙarshe shi ake nufi da rumbun bayanai ya ƙi tashi: akwai wuta, kwamfuta a kunne take, amma manhajar ta ƙi fara aiki.

Gaskiya ne wani lokacin matsalar daga nesa take. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama a Najeriya suka tsaya cik. Ranar babu mai hankalin da zai zargi ma'aikacin da ke Jega. Amma irin wannan rana nawa ce a shekara? Yawancin ƙananan ofisoshi, makarantu, asibitoci da shagunan magani, sabarsu tana nan cikin ginin, wata a ƙarƙashin teburin sakatare. Idan aka ce maka "daga Abuja ne", kana da haƙƙin ka tambaya ko da gaske daga Abujar ne.

NA'URAR TANA MAGANA, BA A SAURARONTA

Abu na farko da ake koya wa ɗalibin kwamfuta a foliteknik game da wannan matsala shi ne kada ya taɓa komai sai ya karanta log. Log wani fayil ne da manhajar ke rubuta rahoton kanta a ciki: ƙarfe kaza na fara tashi, na nemi abu kaza, ban samu ba, don haka na tsaya. Duk manhajojin da na ambata suna da shi. Layukan ƙarshe na wannan fayil sau da yawa sun isa su nuna inda ciwon yake. Dalilan kuma ba su da yawa, sanannu ne.

Na farko, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu. Manhajar rumbun bayanai ta zamani tana fara rubuta duk canjin da za ta yi a wani kundi na daban kafin ta shigar da shi babban rumbu. Idan wuta ta ɗauke, da ta dawo sai ta bi kundin nan ta ƙarasa abin da ya kammala, ta warware wanda ya tsaya rabi. Wannan aikin yana ɗaukar lokaci. Mai gaggawa sai ya ce ta maƙale, ya danne maɓalli ya sake kashe ta. Kisan ƙarfi a kai a kai, musamman a kan tsohon faifan ajiya, shi ke kai wa ga lalacewar fayiloli.

Na biyu, faifan ajiya ya cika. Manhajar tana buƙatar fili kafin ta tashi. Rahotannin da ba a sharewa suna taruwa shekara da shekaru, ga finafinai da wani ya zuba a kai saboda ya ga kwamfutar ta fi sauran girma. Wannan ba ya faruwa dare ɗaya. Watanni yake yi yana zuwa, kuma duk wanda ke leƙawa sau ɗaya a mako zai hango shi.

Na uku, wani ya tare mata ƙofa. Kowace manhaja tana da lambar ƙofar da take sauraro: MySQL ta saba da 3306, PostgreSQL 5432, SQL Server 1433. Idan wani ya ɗora sabuwar manhajar da ta zo da nata rumbun, ta riga ta kama ƙofar, ta asali ba za ta tashi ba.

Na huɗu, izini. A Windows, idan aka canja kalmar sirrin asusun da manhajar ke tashi da shi ba a sanar da ita ba, sai ta tsaya da kuskure mai lamba 1069. A Linux, idan aka kwashe fayiloli aka mayar da su da sunan wani mai shi daban, manhajar za ta ga rumbunta amma ba ta da ikon buɗe shi.

Na biyar, an taɓa saiti. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a fayil ɗin my.ini ko postgresql.conf ya isa. Haka ma idan aka umarce ta ta ɗauki ƙwaƙwalwar da ta fi wadda ke cikin kwamfutar.

Na shida, ragowar alama. PostgreSQL tana ajiye wani ɗan fayil mai suna postmaster.pid da ke nuna tana kan aiki. Idan aka kashe ta da ƙarfi, fayil ɗin na iya zama, ta dawo ta ɗauka akwai wata 'yar uwarta da ke aiki, ta ja da baya. Wanda ya san aikinsa sai ya tabbatar babu wata da ke gudana kafin ya cire shi.

Na bakwai, kuma wannan ya fi ƙona rai, lasisi. Kamfanin Microsoft yana ba da SQL Server na gwaji kyauta na kwana 180. Idan kwanakin suka cika, manhajar ba za ta sake tashi ba. Ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin lasisi ya ɗora na gwaji ya san ranar da za ta mutu tun ranar da ya kunna ta, kuma ya san kafin lokacin an biya shi.

Ku sake duba waɗannan bakwai ɗin. A cikinsu wanne ne aljani? Wanne ne ba a iya hangowa? Ko ɗaukewar wutar ma, wanda ya ajiye saba a ƙasar nan ba tare da batirin da zai riƙe ta ba, ya san abin da ya shuka.

INJINIYAN GOGE-GOGE

Bayan sakacin da ya kayar da saba, sai masifa ta biyu ta shigo: mai gyaran da ba ya karatu. Kun san shi. Ya zo da filashi a aljihu, bai buɗe log ba, bai tambayi me aka canja jiya ba, ya kashe ya kunna sau biyar, sannan ya yanke hukunci: "Bairos ne, sai an yi fomatin." Da yamma kwamfuta ta tashi fes, kowa na murna, sai washegari a nemi bayanan shekara biyar a ga wayam. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai wani nau'insa da ya ɗan fi wayewa, mai bin bidiyon YouTube. Ƙananan wurare da yawa suna amfani da XAMPP, kuma idan MySQL ɗin da ke ciki ya ƙi tashi, shawarar da ke yawo ita ce a goge wani fayil mai suna ibdata1. Sau da yawa manhajar kan tashi bayan haka. Abin da ba a faɗa shi ne fayil ɗin nan yana ɗauke da bayanan da rumbun ke gane teburorinsa da su. Ka goge shi, sunayen teburori na nan amma ba sa buɗewa. Akwai kuma wani saiti na ceto mai suna innodb_force_recovery, mai mataki 1 zuwa 6, wanda masu manhajar da kansu suka yi gargaɗin cewa daga mataki na 4 zuwa sama yana iya lalata bayanai har abada. Injiniyan goge-goge da 6 yake farawa.

Abin mamakin shi ne mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin cewa ba haka ake gyara ba. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da ma wajenta saboda ɗori. Mai ɗorin kirki ba ya kama ƙafa ya ja daga shigowar majinyaci. Sai ya tambaya yaya aka faɗi, yaushe, ya lalluba ya gane karaya ce ko targaɗe ko gocewar ƙashi, sannan ya sa hannu. Wanda aka kawo masa targaɗe ya ce a yanke ƙafa, ba zai sake ganin majinyaci ba a garin. To me ya sa muke biyan wanda ke yanke ƙafar kwamfuta, har mu yi masa godiya?

Ƙa'idar gyaran gaskiya ba ta da wuya. A dakata da kashewa da kunnawa. A kwafi dukkan fayilolin rumbun zuwa wani faifai daban kafin a taɓa ko ɗaya. A karanta log. A duba fili, a duba ƙofa, a duba izini. A tambayi abin da aka canja na ƙarshe. A gyara abu ɗaya, a gwada, sannan a koma na gaba. A rubuta abin da aka yi a littafi. Duk mai gyaran da ya tsallake mataki na biyu, shugaban ofis ya riƙe hannunsa.

MABUƊIN YANA ALJIHUN WANI

Amma ba zan tsaya kan ƙaramin mai gyara ba, domin shi ma gado ya tarar. Babban laifin yana kan yadda ake sayen waɗannan kayan tun farko. A ba da kwangila, a kawo kwamfutoci, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a ce an koma zamani. Ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirrin babban asusu a kansa. Ba takardar bayani, ba horo, ba kuɗin kulawa a kasafi. Ranar da abu ya tsaya, sai a bi shi da waya, ya ce sai an turo kuɗin mota da na masauki. Mako guda jama'a na zarya saboda aikin da ba zai wuce awa ɗaya ba.

Na taɓa shiga wani ofis da ba zan ambaci sunansa ba, na ga sabar da ke riƙe da bayanan dubban mutane a ƙasa kan siminti, ƙura ta toshe fankarta, an jona ta a soket ɗaya da hitar shayi da cajar waya. Na tambaya ina kwafin ajiya, aka nuna mini wata jaka a cikin kwamfutar ita kanta. Wato an ajiye mabuɗin ɗaki na biyu a cikin ɗakin da ake tsoron ya kulle. A yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa, wannan ba ajiya ba ce.

Manomin albasa ba ya haka. Idan ya zuba albasa a rudu, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya bar wa iska hanya, ya riƙa zagayawa yana tsince wadda ta fara ruɓewa kafin ta shafi sauran. Bai yi digiri ba, amma ya san ajiya aiki ce ta kullum. Idan albasarsa ta ruɓe aljihunsa ne zai ji. Bambancin ke nan: idan bayananmu suka ruɓe, aljihun shugaban ofis ba ya ji.

Kuma ba rashin masu ilimin ba ne. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana yaye ɗaliban kwamfuta. Haka ma Foliteknik ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Da yawansu suna nan sun buɗe rumfar POS ko cajin waya, alhali ofis ɗin da ke kallon rumfarsu yana jiran wani daga Kaduna ya zo ya share masa faifai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mun hana mai ɗaki tsani.

MANYA MA HAKA SUKE YI

Kada wani ya ɗauka cutar ta ƙauye ce. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV na hukumar INEC, alhali na 'yan majalisa yana hawa. Aka ce wa ƙasa "tangarɗar na'ura", aka yi shiru. Sai a Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da rahoton da ya bayyana cewa kuskuren saiti ne: an tsara rumbun ne ya jera sakamako a ƙarƙashin jihohi, zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya, sai na'urar ta rasa inda za ta ajiye shi, ta riƙa mayar da kuskure mai lamba 500. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, ka lura da abu biyu. Dalilin da aka bayar irin wanda cikakken gwaji kafin ranar zaɓe zai kama ne. Sannan shekara guda aka ɗauka kafin a faɗe shi dalla-dalla, a tsakanin nan zargi ya cika gurbin da bayani ya bari, kuma har yau amanar ba ta dawo ba.

Sai JAMB a 2025. Sakamakon UTME ya fito, iyaye da ɗalibai suka ce akwai matsala. A ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, saboda wani gyaran manhaja bai hau wasu sabobi yadda ya kamata ba. Ya nemi gafara har da hawaye, aka sake wa ɗaliban jarrabawa. Ɓarnar ta riga ta faru, amma a ƙalla an ambaci adadi, an ambaci dalili, an samu wanda ya ce laifinmu ne. Da iyayen nan sun ce haka Allah ya so sun yi shiru, da yaran sun tafi da makin da ba nasu ba.

A waje ma ana kuskure. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da suka waiwayi hanyoyin kwafin ajiyarsu, sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki, ba wanda ya lura. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya cece su, suka rasa bayanan awa shidan. Abin da suka yi bayan haka shi ne darasin: sun nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, sannan suka wallafa cikakken bayanin abin da ya faru da abin da za su canja. A can kuskure yana zama ilimi. A nan sirri yake zama, shi ya sa muke maimaita shi.

UZURORIN DA ZA A KAWO

Na san za a ce wuta ce. Na yarda wutarmu ba abin dogaro ba ce. A watan Satumbar 2023 gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta jefa Kebbi, Sakkwato da Zamfara cikin duhu. Amma wannan hujja ce a kan mai uzurin. Wanda ya san damina na zuwa ya ƙi yin rufi, ba ruwan sama ya cuce shi ba. Ƙaramin UPS da zai riƙe saba na wasu mintuna a kashe ta cikin tsari, ko inbata da sola, bai kai kuɗin kujerun da ake canjawa a ofishin oga ba. Masu rumfar cajin waya a tashar Jega sun warware matsalar wutarsu da kuɗin aljihunsu.

Za a ce babu kuɗi. Karanta log kyauta ne. Duba filin faifai kyauta ne. MariaDB da PostgreSQL kyauta ne, babu kuɗin lasisi. Kwafin ajiya faifai ɗaya na waje yake buƙata da mutum mai tunawa. Masana suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 a wani gini daban. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, fata ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce a mayar da komai kan intanet a huta. Yana rage matsalar ƙura da wuta, ban musa ba. Amma ba ya rage matsalar kalmar sirri a aljihun ɗan kwangila, kuma ranar da aka manta biyan kuɗin haya za a rufe. Sakaci yana bin mai shi duk inda ya koma.

Za a kuma ce ina tunzura mutane a kan ƙananan ma'aikata. A'a. Yarinyar da ke zaune a taga abin da aka gaya mata take faɗa, kuma ita ke shan zagin. Kada kowa ya ɗaga mata murya. Tambayar ta wuce ta, ta wanda ya sa hannu a kwangila ce da wanda ke riƙe da kasafi.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu uku, da shugabannin makarantu, asibitoci da duk mai riƙe da bayanan jama'a: kowace saba ta samu mutum ɗaya mai suna da ke da alhakinta, ɗan gari wanda za a iya samu cikin minti talatin. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya miƙa kalmomin sirri, takardar lasisi da bayanin tsari a rubuce, ya kuma dawo da kwafin ajiya a gaban idon mutane. A ɗauki kwafi kullum, a gwada shi duk wata. Idan abu ya tsaya, a manna takarda a ƙofa: abin da ya lalace, tun yaushe, da lokacin da ake sa ran gyara, a kuma sanar a zaurukan WhatsApp don kada mutanen ƙauye su taso a banza. Sannan a tanadi rajistar takarda ta wucin gadi, musamman a asibiti. Mara lafiya ba zai jira MySQL ba.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan kare su daga ɓacewa ko lalacewa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma tambaya, ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai a Jega, Aliero da Maiyama suna iya amfani da ita su tambayi nawa aka kashe, wa aka ba, kuma ina kwafin ajiya.

Ga 'yan uwana masu difloma da digiri a kwamfuta: mu ma da aiki a gabanmu. Takarda ba ta tayar da saba. Ku ɗora PostgreSQL ko MariaDB a tsohuwar laftof, ku cika faifan da gangan, ku lalata saitin da gangan, ku karanta abin da log zai ce, ku gyara. Ranar da aka kira ku, ku zama masu ɗori, kada ku zama masu yankewa.

Ga sauran jama'a kuma, idan an sake ce maku saba ta faɗi, ku yi tambaya uku cikin ladabi: netwok ne ko sabar ce? Wa ke gyarawa? Yaushe za mu dawo? Wataƙila ranar farko a yi maku kallon masu neman fitina. Idan mutum ashirin suka tambaya a mako guda, oga zai ji. Yarda da ƙaddara wajibi ne a kanmu, amma babu malamin da ya taɓa karantar da mu cewa ita ce mafakar wanda aka ba amana ya yi wasa da ita.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman ma'aikatan da ke cikin wannan zaure, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ƙaru. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kunyar jama'a, ya kuma sa mu haɗu a mako mai zuwa lafiya.